Kwanson da Munzali Ya Yar

To a lokacin Munzali ya zazzage buhu na huɗu ke nan, bai samu komai ba sai matattun rimot da kan caja. Ya zauna a kan wata tsohuwar taya, ya cire hula yana fifita da ita. Rana ta take. Ƙafafunsa har wani zugi suke.

Munzali dai ɗan baffanmu nake nufi, mai teburi a bakin kasuwar waya. Sana'arsa tsofaffin gem, irin na da ɗin nan mai kaset da ake sokawa ta sama. Yana bin 'yan jari bola yana tono kasa-kasan, ya wanke haƙoran fanel ɗin ciki da auduga da sifirit, ya cire tsohon kwanson roban ya yar, ya sa sabo fes irin wanda ake kawo masa daga Legas. Sai ya ɗauki hoto ya sa a waya. Masu saye kuwa manya ne, masu tumbi da mota, waɗanda yarinta take taso musu.

Sati uku ke nan bai samu kaset ko ɗaya ba.

Ɗantala, mai wurin jari bolar, ya leƙo daga bayan sikeli.

"Injiniya, ka gama yi mini tankaɗen kayan?"

"Ka bari kawai, Ɗantala."

"Na gaya maka sun ƙare a garin nan. Na da duk mun farfasa." Ya ci gaba da ɗaure bakin buhu. Can ya ce, "Sai dai ko gidan gem ɗin bayan tsohuwar silima. Tun muna yara yake a rufe. An shafa wa layin jan fenti, jibi za a rushe."

"Kai me ya hana ka kwashewa?"

"Mu ba ma shiga layin nan."

"Saboda me?"

"Ba ma shiga dai. In za ka, ka nemi ɗan rakiya. Kuma ka bari rana ta yi sanyi."

Kun san mutum in ya gaji, ba ya son a ce masa ya je ya dawo. Munzali ya buga babur ya nufi can, shi kaɗai, rana tsaka.

Layin shiru. An cire ƙofofi, an yaye kwano, kowa ya tashi. Ko akuya babu. Ya kashe babur tun daga bakin layi, don ƙarar ta yi masa yawa a kunne. Yana tafe yana jin takunsa.

Sai ya ji kiɗa.

Ɗan siririn kiɗan gem ɗin nan, tin, tin, tirin. Ya ɗaga kai ya dubi falwaya. Ba waya ko ɗaya a jiki, an riga an kwance.

Shagon yana ƙarshen layi. Shi kaɗai ne da ƙofa. Ƙofar a buɗe kaɗan.

"Salamu alaikum."

Aka amsa. Amsa ɗaya ce, amma ta fara da muryar yaro, ta ƙare da muryar wani yaron daban.

Ya tura ƙofar. Wani ɗan tsamurmurin tsoho yana zaune a benci, ya ba shi baya, yana kallon talabijin. Gilashin talabijin ɗin a fashe yake, har gizo ya yi saƙa a ciki. Kiɗan ya tsaya.

Ƙura a ƙasa ta kai kaurin katifa. Munzali ya duba. Sawunsa ne kaɗai a kai. Rigar tsohon kuwa fara tas.

"Kai ne mai sauya wa kaset riga," in ji tsohon, bai juyo ba.

"Ni ne, Baba."

"Zauna."

"A tsayen ma ya isa, Baba."

"Ka gaji."

"Na gaji."

"Mu ma."

Munzali ya so ya ja da baya, ƙafa ta ƙi. Ya fara karanto abin da ya zo bakinsa a zuci. Tsohon bai ko motsa ba.

"Karanta, ba laifi. Ba faɗa ya kawo ka ba." Muryar ta sake sauyawa, ta koma ta wani yaro mai mura. "Da a wata tsamiya muke, bakin kududdufi. Aka sare. Muka koma rijiya. Aka cike ta aka ɗora shaguna. Sai muka samu nan. Yara sun yi shekara da shekaru suna hura wa kaset ɗin nan numfashi, cikinsu da ɗumi. Kowannenmu ya kama kaset guda ya mai da shi ɗaki, ya kwanta. Yanzu kuma ga jan fenti."

Ya sunkuya ya turo wani kwali daga ƙarƙashin bencin. A nan Munzali ya ga hannun.

Duk yatsun babban yatsa ne. Goma cif. Kowanne da kanta a kansa, irin ta wanda ya daɗe yana danna fad ɗin buga gem.

Kwalin cike yake da kaset. Irin waɗanda Munzali yake gani a hoto kawai, yana haɗiyar yawu.

"Kwashe mu. Ka sayar in ka so. Duk inda aka kai mu daidai ne, ba ma damun kowa, barci muke. Abu ɗaya ne. Kowanne ka bar shi a kwansonsa. Ya tsage, ya yi datti, ya karye, ka bar shi."

"To, Baba."

"Ce ka ji."

"Na ji."

Ya ɗauki kwalin. Ba nauyi, amma da ɗumi, kamar an sauke shi daga kan cinya. Ya fita da baya da baya. Da ya kai ƙofa ya ɗaga ido, bencin ba kowa. Bai yi gudu ba. Ya ce mana ƙarfin gudun ma babu.

Ya isa gida, matarsa Bara'atu tana tsince shinkafa a tsakar gida.

"Baban Iklima, yau kuma bolar wa aka kwaso mana?"

"Ba ni ruwa."

Ta dube shi, ta ajiye farantin. Ya sha kofi biyu. Bai gaya mata komai ba.

Abin mamaki, kaset ɗin nan kowanne aka soka sai ya kawo. Ba wanki, ba sifirit, ba lallashi. Munzali ya riƙa sa su a waya da tsofaffin kwansonsu, yana rubuta cewa na asali ne, ba a taɓa buɗewa ba. Aka yi ta saye. Na Abuja, na Kaduna, na Fatakwal, har wani ya aika wa ƙaninsa a waje. Kullum yana tasha yana ba direbobi saƙo. Kwalin ya yi ƙasa.

Kwana tara da haka, ya fara ce wa kansa rana ce ta buge shi a ranar nan. Yunwa ce. Wani tsohon maigadi ne kawai mai ciwon hannu. Kun san yadda zuciya take gyara wa mutum labari in ta ga abinci ya samu.

Saura kaset ɗaya a gindin kwalin. Ruwan toka, kwanson ya rabe biyu, an naɗe shi da baƙin salatif, gefe guda har wuta ta taɓa lasa. Amma gem ɗin ciki irin wanda ba a samu ne. Wani Alhaji ya gani ya kira shi.

"Ina so. Amma ka sauya kesin ɗin nan. Ba zan ajiye wannan ƙazantar a falona ba."

"Alhaji, ai na asalin ya fi…"

"Ka sauya, ko ka bar shi."

Ranar ya wuni a tasha, ya dawo bayan la'asar ko abinci bai ci ba. Ya zauna a tabarma da sukundireba. Ya ce wallahi bai ma yanke shawara ba, hannu ne ya yi aikinsa. Abin da ka yi sau dubu. Ya warware salatif, ya zare fanel, ya jefa tsohon kwanson a buhun roba na bayan ƙofa, ya ɗaura sabo. Ya yi kyau kuwa.

Ya soka a gem. Talabijin ta kawo layi-layi.

Ya zare, ya sake sokawa. Layi-layi.

To shi Munzali, shi ne mai yi wa kwastoma faɗa kada su hura kaset, wai danshin baki yana sa haƙora tsatsa. Amma abin da ka saba tun kana ɗan shekara bakwai ba ya neman izini. Ya zare kaset, ya kawo shi bakinsa, ya ja numfashi zai hura.

A jan nan ne.

Wani abu mai sanyi ya bi iskar ya wuce maƙogwaro. Ya ji warin tsohon ɗaki da aka daɗe ba a buɗe ba. Ya yi tari, ya yi tari, har hawaye. Ba abin da ya fito.

Daga ranar numfashinsa ya rabu biyu. Ya ja, sai rabi ya iso masa. Hawa babur ya gagara. Daga ɗaki zuwa bakin famfo sai ya huta a hanya. Manyan yatsunsa biyu kuma suka kama motsi su kaɗai, danna, danna, danna, ko yana cin tuwo. Barci kuwa ya tafi.

Aka je kemis, aka ba shi abin shaƙa na masu asma. Aka je asibiti, aka ɗauki hoton ƙirji, aka ce fes yake. Ya dawo ya kwanta.

Kwana na huɗu da safe, Bara'atu ta zo shafa masa man zafi. Ta tsaya. Ta kwantar da kunnenta a ƙirjinsa.

"Baban Iklima."

"Mm."

"Kiɗa nake ji."

Sai ya gaya mata komai, da kyar, kalma biyu ya huta, kalma uku ya huta. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi masa faɗa ba. Ta ɗauki mayafi.

"Bari in kira Malam ya zo ya yi maka karatu."

Bakin Munzali ya buɗe. Muryar da ta fito ba tasa ba ce. Ta tsohuwa ce, a gajiye, irin ta wadda aka tasa daga barci.

"'Yar nan, kada ki wahalar da Malam. Ni ma ba son nan nake ba."

Bara'atu ta dafa bango. Mayafin ya zame.

"Ɗakin nan hayaniya. Ga wani abu yana ta bugu dare da rana, ban runtsa ba. Shi ya rushe mini nawa, ya sa ni a wani mai warin kanti, ba ɗumi ko kaɗan. Da ya buɗe baki sai na shigo. Ina zan je?"

Bara'atu ta matso kusa. Mace ce mai zuciya, wallahi. Ta durƙusa kamar gaban surukarta.

"Iya, ki yi haƙuri. Me kike so?"

"Ɗakina. Kuma ku hanzarta. Numfashin nan ba zai ishe mu mu biyu ba. Ni na saba da kaɗan. Shi ne bai saba ba."

Bakin ya rufe. Munzali ya dawo yana haki, idonsa a kan bayan ƙofa.

Buhun roba ba ya nan.

"Shekaranjiya na ba Ɗantala," in ji Bara'atu a hankali. "Ya cika."

Wannan karon bai tafi shi kaɗai ba. Ta sa kaset ɗin a jakarta, ta tari adaidaita, ta riƙe shi suka shiga. Ɗantala yana ganinsu ya miƙe, murmushin da ya fara ya tsaya a hanya.

"Injiniya, kai ne ka koma haka? Ka shiga layin nan ko?"

Munzali ya gyaɗa kai.

"Kai kaɗai."

Ya sake gyaɗawa.

"Buhun da na ba ka," in ji Bara'atu. "Yana ina?"

"Roba ai ba ta wuce kwana biyu a nan, Hajiya. Da safen nan mota ta kwasa zuwa injin niƙa." Ya dubi Munzali, ya dubi yatsun da suke ta dannawa a iska. Bai sake tambaya ba. Ya ja ƙofar wurinsa ya kulle. "Mu je."

Wanda bai taɓa zuwa wurin niƙa roba ba ba zai gane ba. Tsauni ne. Fasassun bokitai, kujeru, butoci, silifa, jarkoki, komai a cakuɗe, ga inji yana ta ci yana zubar da gari-gari ta ɗaya gefen. Ɗantala ya je ya yi magana da mai injin. Mutumin ya nuna wani tsibi da haɓa.

"Na safe ke nan. Rabi ya riga ya shiga. Ni ba zan kashe inji ba, in wutar nan ta tafi sai gobe."

Suka hau tono. Ku duba fa, mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana yar da tsofaffin kwanso yana neman sababbi, yau ga shi a durƙushe a bola yana neman mafi muni a cikinsu. Ya tona kaɗan, ya kifa kai ya huta. Roba ta yanki Bara'atu a hannu, ta naɗe da gefen zani ta ci gaba. Ɗantala yana ta jefo abubuwa.

"Wannan ne?"

"Murfin fulas ne."

"Wannan fa?"

"A'a."

Ma'aikatan suna ta ɗiba da shebur daga tsibin suna zuba wa inji. Tsibin yana raguwa. Leɓen Munzali ya fara yin toka-toka.

Bara'atu ce ta lura. Duk sanda ya juya wajen hagu, yatsun sai su ƙara sauri. In ya juya dama su lafa.

"Miƙa hannunka," ta ce. "Bar ta ta nuna."

Ya miƙa. Ta riƙe masa gwiwar hannu, suna bi a hankali, kamar masu jan makaho. Yatsun suna rawa, suna rawa, har suka kai bakin shebur ɗin wani ma'aikaci da ya riga ya ɗebo zai watsa. Ɗantala ya riƙe ƙotar shebur ɗin.

"Tsaya, ɗan'uwa."

Ga shi nan a ciki. Ruwan toka, gefe a ƙone, baƙin salatif yana reto.

Amma rabi ne. Fuskar gaba kawai. Suka zazzage shebur, suka tone wurin har ƙasa. Yatsun suka juya suka nuna garin roban da yake zuba daga bakin inji, sannan suka tsaya.

Munzali ya zauna a ƙasa. Ba shi da numfashin da zai yi magana. Ya miƙa hannu, Bara'atu ta ba shi kaset da sukundireba. Ya cire sabuwar fuskar, ya bar sabon bayan, ya ɗora tsohuwar a kai. Ba su ma hau juna sosai ba. Ya naɗe da tsohon salatif ɗin, wanda ya rage.

Ya kawo shi bakinsa. Ya yi bismilla. Ya hura.

Ya ce bai taɓa sanin akwai iska mai yawa haka a cikin mutum ba. Ta yi ta fita, mai sanyi, mai warin tsohon ɗaki, har ya ga duhu-duhu. Kaset ɗin ya yi ɗumi a hannunsa. Sai ya ja numfashi, ya ji ya tafi har ƙasan ciki. Cikakke. Ya sake ja. Ya kwanta a kan robobin nan yana ta ja kamar mai shan ruwa.

Daga cikin kaset ɗin, can ƙasa-ƙasa, su ukun duka suka ji.

"Rabin ɗaki. To. Bangon bayan nan baƙo ne, sanyi yake shigowa. Kullum da safe ka hura mini. Ranar da ka manta, na san hanya."

Ɗantala ya goge hannu a riga, ya dubi sama, ya ce shi ya tafi, ya bar wurinsa ba kowa.

Alhaji bai samu kaset ba. Kaset ɗin yana nan a gidan Munzali, a saman wadirof, cikin safar sanyi ta jarirai da Bara'atu ta sa shi. Kullum in Munzali ya dawo daga masallaci da asuba, kafin ya sha shayi, sai ya sauko da shi ya yi bismilla ya hura sau uku. Shekara biyu ke nan. Ko Zariya zai je ya kwana, da shi yake tafiya a aljihu. Ya rame bai mayar ba, kuma babban yatsansa na hagu har yau yakan danna shi kaɗai in hadari ya haɗo. Ya daina sauya kwanso. Sababbin da suka rage masa Iklima ce take wasan 'yar tsana da su.

Layin bayan silima an rushe, an yi filaza. Duk da haka in rana ta take kada wanda ya bi ta nan shi kaɗai. Masu shagunan wurin ma da azahar a ƙofa suke zama.

Abin da yake hana Munzali sakewa ba nasa ba ne. Sauran ne. Kwali guda ya rabar a tasha, bai gaya wa kowa komai ba. Daga baya ya bi lambobin yana kira, yana cewa don Allah kada a sauya kesin. Wasu suka yi dariya. Wasu sun ce sun sayar wa wani. Wasu lambar ma ba ta shiga.

To kai da ka sayi tsohon kaset a waya, kana kallon kwanson nan ya tsage ya yi datti, har ka yi odar sabo yana hanya, ka tabbata ba daga kwalin Munzali ya fito ba?